Moɗar Inna

A gidanmu, kamar kowane gida a ƙauyukan Ringim, idan mutum ya ƙware yana cin abinci, moɗar ruwa ake miƙa masa a ce "sha, sha". Haka Inna ta yi ta yi wa Yaya kusan shekara guda, ashe ruwan ne ke ƙara shaƙe ta.

Ciwon ya fara ne da ido ɗaya ya dushe, ya washe bayan makonni, sai ƙafa ta yi nauyi. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu. Sai da muka kai ta Asibitin Malam Aminu Kano aka yi mata hoton cikin jiki da na'urar da ake kira MRI, likitan jijiyoyi ya kira sunan ciwon da Turanci, ya ce su MS suke ce masa. Garkuwar jikinta ce ke cin rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, kamar wayar lantarkin da ɓera ya gwaguye robarta, shi ya sa saƙo ke isa a makare.

Ni aka tura wurin wata ma'aikaciya mai koyar da haɗiya, don ni ke ba Yaya abinci. Ta ce mini a maƙogwaro akwai murfin da ke rufe hanyar numfashi duk lokacin da aka haɗiye abu. Na Yaya yana jinkiri, ruwa kuwa gudu gare shi, yakan riga murfin ya gangara huhu. Abu mai kauri yana tafiya a hankali, yana ba murfin lokaci. Ta ce in riƙa sauraren muryarta bayan kowace haɗiya, in na ji tana gurgur kamar mai kurkurar baki, to wani abu ya tsaya inda bai kamata ba, ko da ba ta yi tari ba. Wannan ya fi komai tsorata ni, domin daga nan ne ciwon huhu ke shigowa.

Da muka dawo gida na sauya komai. Yaya ta daina ci a kishingiɗe kan tabarma, sai a zaune tsaye da matashi a bayanta, haɓa ta ɗan sunkuya wajen ƙirji. Loma ƙarama, ta haɗiye sau biyu, ba hira. Bayan ci sai ta yi minti 30 a zaune, sannan in wanke mata baki.

Kunun gyaɗa mai kauri ya karɓe ta, haka tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa. Dambu da ƙuliƙuli da gyaɗa muka haƙura da su. Fura ce ta yaudare ni. Na ɗauka abinci ne mai sauƙi, amma ruwan nonon yana wucewa gudajin suna tsayawa, bakinta ya rasa wanda zai bi. Ranar ta yi tari har idonta ya yi ja. Tun daga nan sai na dama ta sumul, ta yi kauri har ludayi ya riƙe ta.

Zafi ma yana tayar da ciwon. A watan Afrilu haɗiyarta takan lalace da rana, haka in ta gaji da yamma, don haka babban abincinta ya koma hantsi, a inuwar darbejiya, da jiƙaƙƙen mayafi a wuya.

Inna ce ta fi ba ni wahala. Gani take yi hana mara lafiya ruwa rashin imani ne, kuma ban ga laifinta ba.

"Ke 'yar nan, ƙishirwa za ki kashe mini ita da shi?"

"Inna, ba hana ta na yi ba. Kunu ma ruwa ne."

Ba ta yarda ba sai da na ɗora yatsunta a maƙogwaron Yaya, ta ji da hannunta yadda yake makara kafin ya ɗaga. Har yanzu idan Yaya ta yi tari hannun Inna yakan nufi randa, sai ta tsaya, ta ɗauko kofin kunu ta jira tarin ya lafa.