Tsohon sojan ruwan da ya ƙi zuwa faretin tunawa da yaƙi

Claude Choules ya rasu ranar 5 ga Mayu 2011 a wani gidan kula da tsofaffi a birnin Perth na Ostareliya, yana da shekara 110, kuma shi ne na ƙarshe a duk duniya cikin waɗanda suka shiga fagen daga a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Na daɗe ina son in yi rubutu a kan dattijon nan, don gaskiya labarinsa ya tsaya min a rai.

A Ingila aka haife shi a 1901, yana ɗan shekara 14 ya shiga jirgin koyon aikin ruwa, a 1917 kuma aka tura shi babban jirgin yaƙin nan HMS Revenge, yaro ne fa wanda ko gashin baki bai fara ba. A kan idonsa rundunar ruwan Jamus ta miƙa wuya a Nuwamba 1918, kuma yana Scapa Flow, wani sansanin jiragen yaƙi a arewacin Sikotlan, a Yuni 1919 ranar da Jamusawan suka nutsar da jiragensu 52 da hannunsu don kada Turawan Ingila su amfana da su. A yaƙi na biyu kuma yana rundunar ruwan Ostareliya, shi aka ɗora wa aikin tarwatsa tashar jiragen ruwa ta Fremantle, kusa da Perth, da nakiya in har Japan ta shigo, Allah Ya sa ba a kai ga haka ba.

Amma ni wallahi ba wannan ne ya fi taɓa ni ba, zancen matarsa ne. A 1926 a cikin jirgin ruwan da ya kai shi Ostareliya ya haɗu da Ethel, 'yar Sikotlan mai aikin renon yara, kafin shekarar ta ƙare an ɗaura aure, suka haifi 'ya'ya uku, suka zauna tare shekara 76 cur har ta rasu a 2003 tana da 98. Ka duba fa, mutum ya haura shekara ɗari sannan ya fara koyon zama shi kaɗai, ga ido ya tafi ga kunne ya yi nauyi, wadda ta san shi tun yana saurayi ba ta nan, abokan aiki duk sun riga shi, sai 'ya'ya da jikoki, su ma 'ya'yan sun tsufa. Haka ya yi wajen shekara takwas. In na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi.

Kuma duk da lambobin yabo da 'yan jarida da suke ta sintiri wajensa, ba ya fita faretin ranar Anzac, wato ranar tunawa da sojojin Ostareliya da New Zealand, da ake yi duk 25 ga Afrilu, don ba ya son a riƙa kambama yaƙi. Wasu na iya cewa ai girmama waɗanda suka mutu ne, na yarda, amma ni dai ina bayansa, wanda ya ga yaƙi da idonsa har sau biyu ai ba wanda zai koya masa yadda ake tuna shi.

Bayan ya yi ritaya a 1956 kamun kifi ya koma yi a gaɓar teku kudu da Perth, yana da 108 aka buga littafin tarihin rayuwarsa, sannan a Disamba 2011 rundunar ruwan Ostareliya ta sa wa wani jirginta suna HMAS Choules.