Kai Mutane da Karnukansu Zango a Bakin Tafki: Yadda Muke Aikin Daga Damagaram

Aikinmu hayar mota ne da kayan kwana a daji. Muna da kat-kat, tantuna, sange, tabarmi da bidon ruwa, mu ɗauki iyali ko abokai daga Damagaram mu kai su bakin ruwa su kwana ɗaya ko biyu. Lokacin babban hutun lakwal, daga Yuli zuwa Satumba, aikin ya fi yawa. Wasu daga cikin masu zuwa suna da karnuka, na gadin gida ko na garka, kuma ba su da wanda za su bar wa. Da zarar kare ya shiga lissafi, shi ke tsara tafiyar: lokacin tashi, yawan ruwa, wurin tsayawa, har wurin da za a kafa tanti.

Inda muka fi zuwa shi ne Tafkin Gidimuni, wajen kilomita 70 gabas da Damagaram, a kan kwaltar da ta wuce Mirya ta nufi Gure da Difa. A 2019 aka sa shi cikin jerin wuraren dausayi na yarjejeniyar Ramsar, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don kiyaye irin waɗannan wurare, saboda haka wurin tsuntsaye ne da masunta da masu garka, ba filin sakin kare ba. Masu tambayar tsibiran Tafkin Chadi kuwa, amsarmu ɗaya ce: ba ma zuwa. A 2015 aka sa jihar Difa cikin dokar ta-ɓaci, a shekarar kuma aka kwashe mutanen tsibiran. Tsibirin da muke kai mutane shi ne tudun da ruwan damina ya zagaye a tafki, wanda ake haye masa da kwale-kwale ko da ƙafa in ruwan bai kai gwiwa ba.

Kafin a yi maganar kuɗi sai mun ga karnen allurar kare, wato ɗan littafin rigakafinsa. Rigakafin haukan kare ana fara shi daga wata 3, a maimaita kowace shekara, kuma in allurar farko ce sai ta yi kwana 21 kafin a fita da shi. Wanda ya yi ta jiya don tafiyar gobe, sai ya yi haƙuri. Ba ma ɗaukar ɗan kwikwiyo, ba ma ɗaukar karya mai ciki ko wadda take neman namiji, domin karnukan ƙauye za su taru a kan zango har gari ya waye. Karnukan Turai masu guntun hanci ko kaurin gashi ma muna ba masu su shawara su bar su gida. Na gida masu siririn jiki da gajeren gashi sun fi jure hanyarmu nesa ba kusa ba.

Zafi shi ne babban abin da ke kashe kare a tafiya. Kare ba ya zufa kamar mutum, da haki yake fitar da zafi. Zafin jikinsa na lafiya tsakanin digiri 38 ne da 39, in ya haura 41 rai na cikin haɗari. Shi ya sa muke tashi da an idar da sallar asuba, mu isa kafin hantsi. A Afrilu da Mayu, da zafin Damagaram ke wuce digiri 40, ba ma karɓar tafiya da kare kwata-kwata. Ba a barin sa cikin mota a kulle ko na minti biyar, ko an sauke gilashi kaɗan. Ba a kuma ɗaure shi a bayan Hilux a kan ƙarfe tsirara: ƙarfen na ƙona tafin ƙafa, igiya kuma na iya shaƙe shi in ya yi tsalle. Keji muke sa wa, wanda zai iya miƙewa ya juya a ciki, mu shimfiɗa tabarma a ƙasa, mu ɗaure kejin da igiya ta kusurwa huɗu, mu yi masa rumfa a sama amma mu bar gefuna a buɗe iska ta ratsa. Rufe keji ruf da tamfal kuskure ne da ake yawan yi, wai don ƙura, alhali tanda aka haɗa masa.

Alamun zafi ya kama shi a bayyane suke: harshe ya fito ya yi faɗi, yawu ya yi kauri, dasashi ya yi ja ƙwarai, ya fara tangaɗi ko amai. A kai shi inuwa nan take, a riƙa zuba masa ruwan randa a ciki da hammata da tsakanin cinyoyi, a yi masa fifita, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan in zai sha da kansa. Kada a yi masa ɗura. Ko ya farfaɗo, tafiya ta ƙare, sai wurin likitan dabbobi, domin ɓarnar da zafi ke yi wa ƙoda ba ta nunawa a ranar.

Lissafin ruwa kuwa ga shi. Kare na shan kusan mililita 60 a kowane kilo na nauyinsa a rana, wato mai kilo 20 lita ɗaya da ɗan kai. A zafi da guje-guje sai a ninka. Muna ware wa kowane kare lita 5 a rana, har da na jiƙa jiki, kowane mutum kuma lita 10 na sha da girki da alwala. Mutum huɗu da kare biyu na kwana biyu, lita 100 ke nan, bido huɗu masu lita 25, mu ƙara na biyar don mota da ko-ta-kwana. Duk wanda ya san wahalar ruwan Damagaram ya san ba da safiyar tafiya ake neman cika bido biyar ba, tun kwana biyu ake tara shi. Abinci kuma a daina ba shi awa 3 zuwa 4 kafin tashi, in ba haka ba zai amayar a hanya. A tafi masa da abin da ya saba ci a gida. Kwanonsa daban, a yi masa alama, kada ya haɗu da na mutane, a kuma naɗe tabarmar salla a rataye.

Mota ba ta da dogon bayani: taya biyu na safaya, shebur, igiyar ja, famfon iska. In an sauka kwalta aka shiga rairayi a rage iskar taya zuwa wajen bar 1.5, a mayar kafin a hau kwalta. Kada a matsa da mota bakin ruwa, laka ce a ƙarƙashin ɓawon da ya bushe.

Da isa, gaisuwa ce farko. A je wurin maigari, a nemi shugaban masunta, a faɗa musu akwai karnuka. Su suka san inda ruwa ke da zurfi, inda aka shimfiɗa raga, da hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya. Ba ma kafa tanti a kan wannan hanya. Kare ɗaya ya kori awaki ko ya shiga garkar wani, rigima ta tashi, kuma mai karen ne zai biya. Farauta ba ta cikin aikinmu. Dokar 1998 ta farauta da kiyaye namun daji ta sa sai da takardar izini, ma'aikatan gandun daji kuma suna zagayawa.

Wurin haye ruwa, kare ɗaya a kowane sawu, a zaune a tsakiyar kwale-kwale tsakanin ƙafafun mai shi, igiyar a hannu. Kada a ɗaure ta a jikin jirgi, in ya kife zai tafi da karen. A tsibirin muna kafa sanda a daidai bakin ruwa da la'asar, mu duba ta da magariba da bayan isha. In ruwa ya hau ta da taƙi ɗaya, ko hadari ya haɗu a gabas, a tattara a haye a koma gaɓa tun da sauran gani. Ruwan da aka yi a wani gari yana iya cika tafki cikin dare ba tare da ɗigo ya sauka a kanka ba.

Akwai abu biyu na bakin ruwa da ba ma sassauci a kansu. Na ɗaya, kayan cikin kifi. A Chadi, ta ɗanyen kifi da hanjinsa ake ganin karnuka na kamuwa da kurkunu, har a 2019 aka ƙirga kusan 2,000. Nijar ta samu shaidar rabuwa da cutar tun 2013, ba kuma ma so ta dawo ta hanyar kare. A haƙa rami mai zurfi a binne hanjin kifi, ko a ƙone. Na biyu, ruwan da ya kwanta ya yi kore kamar an zuba fenti: gansakukar nan tana da dafi, kada kare ya sha ko ya yi iyo a ciki. Mutane ma su rage shiga ruwan kwance saboda tsargiya, musamman yara.

Da dare kare na kwana a ɗaure da igiya mai mita 3, kusa da tanti, an share ciyawar wurin saboda kububuwa da kunama. In maciji ya sare shi, kada a tsaga, kada a ɗaure wurin tamau, a ɗauke shi a hannu zuwa mota. Kada kuma a ba shi maganin ciwon jikin mutane irin su ibuprofen ko parasetamol, suna lalata masa ciki da hanta. Sauran miya mai albasa da yawa da dafaffen ƙashin kaza su ma ba nasa ba ne. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a nufi asibiti a ranar.

Kowace yamma da safiyar komawa ana duba shi daga kai zuwa wutsiya. Kaska na maƙalewa cikin kunne da wuya da tsakanin yatsu. A kama ta daf da fata a ja a miƙe, kada a murɗa, kada a zuba mata kananzir. Daga ƙarshen damina ƙarangiya ta nuna, tana shiga tsakanin yatsu har ƙafa ta kumbura, don haka matsefi da ɗan hantsaki suna cikin akwatin kowace mota tamu. Kuɗin tafiya kuwa muna yanke shi ne a kan kwanaki, gazuwal, direba da ladan mai kwale-kwale, sai ƙarin wankin keji da mota da ruwan javel a kan kowane kare, wanda ake biya tun kafin a tashi.