Inda na kai da littafin kalmomina: volley

Salam 'yan uwa masu fama da koyon Turanci irina. Har yanzu ina kan tsarin nan na ɗaukar kalma ɗaya in bi ta har gidansu, maimakon haddar dogon jeri da safe wanda kafin la'asar ya gudu, toh wannan karon volley na kama, don masu sharhin bal sun ishe mu da ita a gidan kallo sai kuma ga ta na tsinta a labarin yaƙi.

Asalinta Faransanci ce, volée, wato tashi sama, daga voler, ita kuma daga Latin volare. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi boko da Faransanci sun riga mu nan, har za su ce maka voler ɗin tana nufin sata ma, amma wannan ma'anar ba ta biyo ta Ingila ba. A ƙarshen ƙarni na 16 ta shiga Turanci kuma ta bakin sojoji ta shiga, ma'anarta a saki harsasai ko kibau da yawa lokaci guda.

Dalilin yin hakan shine ya fi burge ni. Bindigar wancan zamani kusan irin harba-rugan mafarautanmu ce, ba saiti, ga ɗaukar lokaci wajen ɗura albarushi, in mutum ɗaya ya harba sai dai a yi sa'a. Shi yasa ake jera sojoji sahu sahu, na gaba su saki wuta tare su koma baya su ɗura, na bayansu su matso, wuta ba ta yankewa kenan. A 1594 wani shugaban sojoji, William Louis na Nassau, ya zana wa ɗan uwansa Maurice, shi ma shugaban sojoji, wannan tsari a wasiƙa, can ƙasar Holan. Mu ma abin ya taɓa mu fa, ranar 15 ga Maris 1903 a bakin Sakkwato sojojin Turawa sun yi tsayuwar kusurwa huɗu suna sakin wuta tare ga kuma bindiga mai ruwa, da haka suka karya rundunar Sarkin Musulmi Attahiru. Yanzu ragowar al'adar ita ce harbin nan sau uku a sama da ake yi wajen jana'izar soja.

A wasa kuwa ba maganar yawa, ƙwallo ɗaya ce, sharaɗin kawai ka buge ta tana sama kafin ta taɓa ƙasa. Haka yake a tanis haka yake a bal. Duk mai son ganin ta zahiri ya nemo ƙwallon Zidane ta 2002, wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai a Glasgow, Real Madrid da Bayer Leverkusen, Roberto Carlos ya cillo ta sama kamar ba niyya, mutumin ya tsaya ya jira ta ya juya ya sa mata ƙafar hagu sai raga, aka tashi 2-1. In kuma ta ɗan taɓa ƙasa ka buga tana tasowa, half-volley sunanta, kar a haɗa su.

Ƙwallon raga ma daga nan ta samo sunanta na Turanci, volleyball. Wani malamin motsa jiki, William Morgan, ya ƙirƙiro ta a 1895 a garin Holyoke na Amurka ya sa mata Mintonette, sunan da ni dai ban ga daɗinsa ba, gara da aka canza bayan an lura ƙwallon a sama take yini tana kai da komowa.

A littafina na raba shafin biyu, yaƙi a dama wasa a hagu, na rubuta tashi sama a samansu da jan biro, a ƙasa kuma na sa ta 'yan jarida, volley of questions, wato a yi wa mutum ruwan tambayoyi. Abin da ya rage min furuci ne, mu ba mu da harafin v, bolibol muke cewa, don haka ina tsayawa gaban madubi in ɗora haƙoran sama kan leɓen ƙasa ina maimaitawa har yara suna leƙowa suna dariya. Ta gaba rally ce, ita ma soja da ɗan tanis duk suna amfani da ita, wanda ya riga ni bincika ta dan Allah ya taimaka min da jimloli.