Godiya bayan daren Asabar a Garwa

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, daren Asabar mun saki kashi na farko na wasan barkwancinmu na murya, har yanzu kuma saƙonni ba su daina shigowa wayata ba, daga Marwa, Ngaundare, Kusiri, har da 'yan uwa na tsallaken gada a Njamena. Ba zan iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba, shi ya sa na rubuto nan.

Baffa, da kai zan fara. Ranar da na ce maka ina so in mayar da kwaikwayon murya da rubutun barkwanci sana'ata, ka daɗe ba ka ce komai ba, sannan ka ce, "Ki tsare mutuncinki, kada ki ci zarafin kowa don a yi dariya." Da wannan maganar nake auna duk layin da na rubuta. Ranar Asabar na hango ka a kan tabarma, ka kara waya a kunne kana murmushi. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Mai sauraro minti ashirin kawai ya ji, amma wata uku muka yi a kansa. Ɗakin Yaya muka mayar wurin ɗaukar murya. Muka jingina katifu a bango, muka rataya barguna don kada sauti ya riƙa dawowa. Wanda ya san zafin Garwa a watan Maris da Afrilu ya san me ake nufi da kashe fanka a rufaffen ɗaki, amma dole ne, domin makirufo ba ya barin ko ƙarar iska. Da rana kuma babura ba sa bari, sai bayan isha mu fara, mu tashi kafin kiran assalatu. Yaya, ka bar mana ɗakinka ka koma kwana a zaure, kai ne kuma mai haɗa sauti har gari ya waye. Allah ya biya ka.

Ana saura kwana goma mu gama, muryata ta dishe ƙurmus, alhali ni ke yin tsohuwa mai ƙosai da kuma jikarta. Na yi kuka ranar. Inna ta hana ni magana kwana huɗu, tana ba ni ruwan ɗumi da zuma da citta, abokan aikina kuma suka juya tsarin ɗauka gaba ɗaya suka jira ni, babu wanda ya nuna gajiya.

Godiya ta musamman ga Kawu, wanda ya zauna da ni a kan wurin wasan Bafulatani da Babarbare. Shi ya nuna mini inda wasan taubasantaka ya tsaya da inda zagi ya fara, ya kuma gyara mini Fulatancin da na saka, domin maganar da ke ba da dariya da Hausa takan mutu idan aka juya ta yadda take.

Waɗanda suka turo gudummawa ta waya muka sayi makirufo, da ɗaliban da suka yaɗa shirin a WhatsApp da Facebook, Allah ya saka da alheri. Masu gyara ma na gode. An ce kiɗan ya danne murya a farkon shirin, mun ji, za mu rage shi.

Kashi na biyu yana hannun Yaya, in Allah ya yarda Asabar ta sama zai fito.