Ƙaramar Sallah a wani ƙauyen Negeri Sembilan

Sallata ta farko a Malesiya na yi ta ne cikin kaɗaici. Ina karatun digiri na biyu a kusa da Kuala Lumpur, kuma ban san cewa birnin yana watsewa a ƙarshen Ramadan ba, domin kusan duk ɗan ƙabilar Malay yana komawa garin iyayensa, abin da suke kira balik kampung, wato komawa ƙauye. Shagunan abinci suka rufe, tituna suka yi fayau, muka sauko daga idi mu 'yan ƙasashen waje babu gidan da za mu nufa. Da shekara ta zagayo, wani abokin karatuna ya ce ba zai yarda in sake yin Sallah a ɗakin kwanan ɗalibai ba, ya gayyace ni ƙauyensu a gundumar Kuala Pilah ta jihar Negeri Sembilan.

Mun tashi ana saura kwana biyu Sallah, kuma tafiyar da a ranakun da babu cunkoso ba ta kai awa biyu ta cinye mana kusan rabin yini. Wanda zai bi motar haya a irin wannan lokaci sai ya sayi tikiti tun farkon azumi, in ba haka ba ya rasa. Mun isa bayan isha'i, muka tarar da hanyar shiga gidan an jera mata fitilun kananzir a kan sandunan gora, irin aci-bal-bal ɗinmu, waɗanda suke kira pelita. Ana kunna su ne a dararen ƙarshen Ramadan, musamman daren 27. Gidan na katako ne a kan dirkoki, na tuɓe takalmi a gindin matakala kamar yadda kowa ya yi, abokina ya ce in kira mahaifiyarsa Mak Cik, mahaifinsa kuma Pak Cik, kamar dai a ce inna da baffa.

Jajibirin Sallah ba a bar ni na zauna zaman baƙo ba. Aikin maza shi ne lemang: ana yanko gora mai faɗin ciki, a shimfiɗa ɗanyen ganyen ayaba a cikinta, a zuba shinkafa mai danƙo da madarar kwakwa da gishiri, sannan a jingina gorar a jere a gefen wuta. Pak Cik ya ba ni tsumma ya nuna mini yadda ake juya kowace gora kaɗan-kaɗan don kada gefe ɗaya ya ƙone, ya kuma riƙa rage harshen wutar har ta koma garwashi. Mun fi awa huɗu a wurin, ga azumi ga hayaƙi, idanuna suna ta zubar da ruwa. A ɗaya ɓangaren mata suna tuƙa rendang, naman da ake dafawa da madarar kwakwa da kayan yaji har ruwan ya ƙafe ya yi duhu, wasu kuma suna saƙa 'yan jakunkuna da ganyen kwakwa waɗanda ake cusa wa shinkafa a dafa, wato ketupat. Mutanen wannan jiha suna son yaji ƙwarai, abin da ya yi mini daɗi.

Da magariba kowa ya taru gaban talabijin, domin a can jami'in da ke riƙe da hatimin sarakunan ƙasar ne yake sanar da ranar Sallah. Yana gama magana kabbarori suka tashi daga masallacin ƙauyen. Zakkar fidda kai kuwa tuni aka biya ta da kuɗi a hannun wakilin hukumar addini ta jihar, aka karɓi rasit. Malay mabiya mazhabar Shafi'iyya ne, shi ya sa ɗan Malikiyya zai ji liman yana bayyana bisimilla a Fatiha, yana kuma yin ƙunutin asuba a bayyane bayan ruku'u, hannuwa a ɗage. Na bi su kamar yadda ake bin kowane liman, ba wanda ya tambaye ni komai.

Abin da ya sa nake wannan rubutu ya faru ne da safiyar Sallah, kafin a fita masallaci. Duk gidan sun yi anko da launi ɗaya, maza cikin baju Melayu da hular songkok da ɗan zane da ake ɗaurawa a ƙugu, mata cikin baju kurung. Pak Cik da Mak Cik suka zauna a kan kujera a tsakiyar falo. Babban ɗansu, magidanci mai 'ya'ya uku, ya durƙusa a gaban mahaifinsa, ya kama hannunsa da hannu biyu, ya kai goshinsa kansa, ya yi magana ƙasa-ƙasa na tsawon lokaci. Daga nan ya matsa gaban mahaifiyarsa, kuma a nan ne muryarsa ta karye. Haka suka bi layi daga babba zuwa ƙarami, matar kowa ta nemi gafarar mijinta, ƙanne suka nemi ta yayye. Kalmar da ake maimaitawa ita ce maaf zahir dan batin, wato a yafe mini abin da ya bayyana da wanda ya ɓoyu, kuma Bahaushe zai gane zahiri da baɗini a cikinta ba sai an fassara masa ba. Na ji suna roƙon iyaye su halatta musu abin da suka ci da abin da suka sha.

A wurinmu ma ana cewa a yafi juna, amma galibi a tsaye muke faɗa, a dunƙule, muna wucewa. Abin da na gani a falon nan ya bambanta, domin an ware wa neman gafara lokaci da wuri da tsari, ta yadda mai girman kai ma ba shi da hanyar zillewa. Na tuna cewa watanni biyu kafin nan na yi wa wannan aboki nawa magana mai zafi a kan wani aikin haɗin gwiwa, muka shiririce ba tare da na ba shi haƙuri ba, shi kuwa duk da haka ya kawo ni gidansu. Da layi ya ƙare na je na kama hannunsa na ambaci laifin da sunansa. Ya ce ya daɗe da mantawa, amma na ga a fuskarsa cewa faɗar ta yi amfani.

Bayan idi, wanda aka yi a cikin masallaci ba a fili ba, muka wuce maƙabarta, iyalai suka share kaburburan magabatansu suka karanta Yasin. Sai yawon gidaje. Babu hawan dawaki a nan, shagalin duka a cikin gida yake: ƙofa a buɗe, tebur cike da lemang da rendang da serunding, wanda ɗan'uwan dambun nama ne, da kwalaben ƙananan kayan maƙulashe. Yara suna karɓar goron Sallah a cikin 'yan ambulan masu launin kore, wato duit raya. Na ci na ƙoshi a gidan farko, ashe gidaje bakwai ne a gabanmu, kuma ƙin taɓa abinci rashin ladabi ne. Mak Cik ce ta koya mini cewa loma biyu ta wadatar, in ma ba zan iya ba in taɓa kwanon da yatsun dama. Ta kuma gyara mini nuni da manuniya, ta ce da babban yatsa ake nuna mutum ko wuri.

A yawon nan ne na lura cewa ana danganta kowane gida da mace. Mutanen Negeri Sembilan da yawa asalinsu Minangkabau ne daga tsibirin Sumatra, suna bin al'adar da ake kira adat perpatih, inda mutum yake bin dangin uwa, filin gado na dangi yake bin 'ya'ya mata, miji kuma ya tare a gidan matarsa. Na tambayi Pak Cik yadda wannan ya zauna da rabon gado na Musulunci, ya ce filin dangi amana ce da ba a rabawa, abin da mutum ya tara da guminsa kuwa shi ake rabawa bisa shari'a. Na daɗe ina juya wannan amsa a raina.

Rana ta uku muka je Seri Menanti, inda tsohuwar fadar katako ta sarkin jihar take, wadda aka kammala a 1908 da turakun itace a madadin ƙusa, yanzu kuma gidan tarihi ce. Washegari muka gangara Melaka, garin daular Musulunci da Turawan Fotugal suka ci a 1511, 'yan Holan suka ƙwace a 1641, daga baya ya faɗa hannun Ingila, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2008. Ragowar ƙofar A Famosa, ganuwar da Turawan Fotugal suka gina, ƙarama ce, minti goma ya isa. Na fi daɗewa a masallacin Kampung Kling mai rufin hawa-hawa da hasumiya irin ta ginin Sinawa, da kuma gaban allunan da aka rubuta da Jawi, wato ajamin Malay, wanda aka ƙara wa wasu haruffan Larabci ɗigo don sautukan da babu su a Larabci. Na iya haɗa baƙin kalmomi da dama ko da ban san ma'anarsu ba, abokina yana ta mamakin inda na koya.

Na koma Kuala Lumpur da kwalbar serunding da Mak Cik ta cusa mini a jaka, ina zaton Sallah ta wuce. Ashe a wurinsu Shawwal duka Sallah ne. Kowane ƙarshen mako akwai gidan da ya buɗe ƙofa, wanda suke kira rumah terbuka, Sinawa da Indiyawa maƙwabta suna shiga suna ci tare da kowa. Gayyata ta yi mini yawa har sai da na mayar da azumin sitta Shawwal zuwa ranakun Litinin da Alhamis, na kammala shi ana saura kwana biyu watan ya ƙare.