Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Ajin Firamare a Yelwa

Makon jiya na tsaya a kan kwana shida da na yi a gadon asibiti, bayan na yanke giya da ƙarfin tsiya ranar ɗaya ga azumi. Wasu sun ce na zuba gishiri da na ce na riƙa ganin ƙadangaru suna bin bango. Wallahi ban ƙara komai ba. Likita ya gaya wa Yaya Babba cewa wanda jikinsa ya saba da sha kullum, in ya tsaya farat ɗaya, a kwana na biyu zuwa na uku ne karkarwa da gumi da gane-gane suke tsananta, wani har da farfaɗiya, wani ma tafiyar ke nan. Mu kuwa a ɗakin Inna muka fara, da kofin rubutu.

Ranar sallama wani dattijon nas, mutumin Tafawa Ɓalewa, ya biyo ni har bakin ƙofa. Ya ce, "Malam tela, abin da ya rage maka ba a kemis ake sayar da shi ba." Ya kwatanta mini wani ajin firamare ta wajen Yelwa a nan Bauchi, inda irina suke haɗuwa duk Asabar bayan La'asar. Na yi godiya, na yi wata biyu ban leƙa ba.

Baffa ne ya hana ni, ko da yake bai san ya yi ba. Ranar sunan Ummi, gaban surukaina da suka zo daga Azare, ya dube ni ya ce, "Ku daina wahalar da kanku, hali zanen dutse ne." Ko tabarma ba a naɗe ba. Shekara nawa ke nan, amma har yau in na zauna kan keke a shagona na Wunti, nakan ji maganar a cikin ƙarar keken. In zanen dutse ne, me zai kai ni Yelwa?

Zuwan farko a bakin titi na sauka daga Keke Napep, na sayi rake, na juya. Na biyu na tsaya jikin taga. A na uku na shiga, idona ya faɗa kan wani Alhaji da nake ɗinka wa kaftani, mutumin sahun gaba a masallaci. Na so ƙasa ta tsage. Shi kuwa matsawa kawai ya yi a kan bencin yara, ya ce, "Bismillah."

Mu tara ne ranar, Musulmi da Kirista, har da direban tirela da wani tsohon soja. Sunan farko kawai ake faɗa. Ba a katse mai magana, ba a yi masa wa'azi, abin da aka ji a ajin kuma a ajin ake barin sa. Wanda ke jan zaman ya ce ba su suka ƙirƙiro tsarin ba. A 1935 ne wasu mashaya biyu a garin Akron na Amurka, ɗaya likita, ɗaya dillalin hannun jari, suka lura cewa in suka zauna suna gaya wa juna gaskiya, ƙishirwar takan lafa. Daga nan aka samo matakai 12, na farkonsu ka yarda giya ta fi ƙarfinka. Kuma ba a cewa har abada, na yau kaɗai ake ɗaukar alkawari. Wannan ya ba ni haushi da farko, ni da na dafa Alƙur'ani sau uku gaban Inna a kan har abada.

Da layi ya zo kaina sai na hau kame-kame, wai ni jefi-jefi nake sha. Tsohon sojan ya bari na gama, aka tashi, sannan ya raɗa mini, "Kanumfari kake taunawa ko goro?" Na fashe da dariya, dariyar ta koma kuka. Tun 2001 da aka ƙaddamar da Shari'a zamanin Gwamna Mu'azu, muka rage zuwa Bayan Gari muka koma mami, kasuwar barikin soja, aljihuna bai rabu da kanumfari ba. Na ruɗi Inna da shi, na ruɗi uwar Ummi, ga wanda ban taɓa gani ba ya karanta ni a zama ɗaya. Lambarsa na tafi da ita, kuma na sha tayar da shi ƙarfe biyun dare.

Na zame sau ɗaya, a wata na uku. Babu wanda ya ce mini hali zanen dutse. Suka ce a sake ƙirge daga ɗaya.

Ina da wata bakwai a sabon ƙirge Baffa ya rasu. Ban samu na gaya masa ba, ko in ce girman kai ya hana ni, ina jira in cika shekara in je masa da ita. Da aka kawo yadin likkafani aka ce wa zai ɗinka, Yaya Babba ya dubi hannuna, ya ɗan yi jim, sannan ya miƙo mini allura. Sau ɗaya na zura zaren ya shige.

Maganar bikon uwar Ummi a Azare sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.