Abin da na koya daga gyaran rumbun shafuka na Linux

Kusan duk fayil ɗin da ka buɗe a Linux, a kan tsarin ajiye fayil na ext4 yake ko XFS ko Btrfs, bayanansa sai sun yada zango a wuri guda cikin memori: rumbun da kanel, wato zuciyar Linux, ke ajiye abin da ya karanto daga faifai, don kada a sake wahalar komawa. Akasarin lambobin wannan rumbu suna cikin mm/filemap.c, kuma tsare-tsaren ajiye fayil barkatai ne suka dogara da su. Wanda ya taɓa wurin ya taɓa kowa.

A yawancin kwamfutoci an yanka memori shafi-shafi, kowanne kilobayit 4. Rikicin ya samo asali ne da aka fara ɗaure shafuka da dama su zama dunƙule ɗaya. Sai a miƙa wa wani sashen kanel shafi, bai san ko kan dunƙulen aka ba shi ba ko wutsiyarsa, dole ya yi ta kiran compound_head() yana tambaya. Matthew Wilcox, ɗaya daga cikin masu rubuta kanel, ya kawo folio, wanda ke tsayawa a madadin shafi ɗaya ko dunƙule gaba ɗaya kuma ba ya taɓa zama wutsiya, aka shigar da shi a Linux 5.16 a farkon 2022.

Dabarar kanta a zama ɗaya za ka gane ta. Abin da ya fi koya mini aiki shi ne yadda aka kwashe jama'a zuwa sabon tsarin. Akwai wani ɗan fayil, mm/folio-compat.c, da ba wanda zai yi alfahari da shi. A ciki za ka ga tsohon suna unlock_page() yana nan daram, amma cikinsa layi ɗaya ne: ya juya shafin zuwa folio, ya kira folio_unlock(). Kamar masu gyaran gada ne da suka share ƴar hanya ta gefe, motoci na wucewa suna aikinsu. Wanda bai shirya ƙaura ba ya ci gaba da kiran tsohon suna, ba abin da ya lalace masa.

Haka aka yi a Linux 5.19 da aka mayar da readpage, aikin karanto shafi daga faifai, zuwa read_folio. Tsare-tsare da yawa folio ɗin kawai suka karɓa, suka zaro shafin da ke cikinsa, suka ci gaba yadda suka saba. A ido kamar ɓata lokaci. Amma dalili a fili yake: canjin suna facinsa (wato guntun gyaransa) daban, canjin hali facinsa daban, kuma kowane faci sai kanel ya haɗu ya tashi da shi. Ran da wani abu ya fashe, git bisect, mai lalubo facin da ya jawo matsala, zai nuna maka faci guda ƙarami, ba tulin layuka dubu da aka cakuɗa ba. Tun da na ga haka na daina yarda abokin aiki ya turo mini gyara mai ɗauke da kwashe lambobi da sauya aikinsu a haɗe. In ce masa ya raba, ko da zai ji haushi.

Inda nake jin tsoro shi ne abin da ba a rubuta ba. Ka nemi PAGE_SIZE, sunan da ke nufin girman shafi, cikin kowane tsohon tsari, za ka tarar da wuraren da aka ɗauka abin da aka miƙo musu ba ya wuce shafi ɗaya, wato bayit 4096 a yawancin kwamfutoci. Ka ba irin wannan wuri folio mai kilobayit 64, ya goge huɗun farko ya bar sauran da tsohon datti, kuma manhajar haɗa lambobi ba za ta ce uffan ba. Ba mai ganowa sai fstests, jerin gwaje-gwajen tsare-tsaren ajiye fayil, ko mai fayil da ya ga bayanansa sun rikice. XFS ya riga sauran tsare-tsare cin moriyar manyan folio domin ta sabuwar hanyar karatu da rubutu a faifai, iomap, yake bi, masu bin tsohuwar hanya, buffer_head, kuwa suka biyo baya a hankali.

Wani lokaci kuma tsarin da aka yi watsi da shi ne ke riƙe kowa. A 2022 Wilcox ya tarar ReiserFS, wani tsohon tsarin ajiye fayil, shi kaɗai ke amfani da wata alama da yake son cirewa daga write_begin, aikin da ke shirya shafi kafin a yi rubutu a fayil, sai ya tambaya ko lokacin sallamarsa bai yi ba. A shekarar aka sanar cewa za a daina kula da shi, amma ba a cire shi ba sai a 6.13, farkon 2025, don masu faifai a kansa su samu sararin kwashe kayansu.